Mutumin da fentinsa ke daskarewa a bakin kogin Mizuri

Ni fa in dai zanen kogi ne, na Karl Bodmer ya fi kwanta min a rai. Ɗan Suwizalan ne, shekararsa 23 kacal wani basarake Bajamushe mai suna Maximilian ya ɗauke shi aiki, shi yana rubuta abin da suka gani, yaron kuma ya zana, don lokacin ba kyamara. A 1833 suka shiga jirgin ruwa mai tururi daga St. Louis suka haura Mizuri har can yankin da yanzu ake cewa Montana a Amurka.

To fentin ruwa ya fi yin aiki da shi, kuma dole ce ta sa. Jirgi na tafiya, dutsen da kake kallo kafin ka ankara ya wuce, fentin mai kuwa sai ya yi kwanaki bai bushe ba, shi fentin ruwa takarda ce da buroshi da ɗan akwati, ruwa kuma ga shi nan a ƙarƙashinka, sai dai fa ba ya yafiya, in ka shafa duhu inda ya kamata ka bar farin takarda shi ke nan.

Akwai zanensa na kututturan itatuwa da suka nutse, rassa sun leƙo sama ta ko'ina, jirgin yana lallaɓawa a tsakani. Wallahi kana kallo gabanka na faɗuwa, ka san ɗaya ya soki cikin jirgin an gama. Wannan ya fi min na fararen duwatsun nan masu kama da ganuwa da mutane suka fi yabawa, su kyau ne kawai.

Hunturu kuma a wani sansanin kasuwanci, Fort Clark, suka yi shi, kusa da ƙauyukan ƙabilar Mandan ta 'yan asalin Amurka, sanyi har fenti ke daskarewa sai an narka da ruwan zafi, a haka bawan Allah ya zana shugabansu Mato-Tope. A 1837 agana ta shigo ta kusa ƙarar da ƙabilar, har shi Mato-Topen ta kashe. Daga baya aka zo da madatsun ruwa irin su Garrison, wurare da yawa na gaɓar kogin suka koma ƙarƙashin tafki.

Yawancin zanukan na asali suna gidan tarihi na Joslyn a Omaha, amma in kana da data rubuta sunansa a Google, ka fara da na kututturan.