Asabar a garejin Kawu

Tun da na dawo nake zaune a kan tabarma, shayin da Maman yara ta kawo har ya huce ban taɓa ba. Maganar Kawu ce ta tsaya mini a rai.

Da safe kuwa garau nake. Hazo ya fara sauka, na tsaya Tudun Wada na sha koko da ƙosai, na shiga gareji ina ta raha da yara. Niyyata ɗaya ce, a cire mini birkin diram na baya na Hilux ɗin nan a sa birkin faranti irin na gaba, in huta. Cikin wata uku sau biyu ina canza fad ɗin birkin gaba. Ranar Laraba kuma da na taso daga Saminaka da masara, kusa da Pambeguwa shanu suka shigo titi, na taka birki, motar ta duƙar da kai amma ta ƙi tsayawa da wuri, ƙauri ya cika gidan gaba. Allah ne ya kiyaye.

Kawu ya saurare ni har na gama, bai ce uffan ba. Ya sa Auta ya ɗaga motar, aka kwance tayoyin baya. Diram ɗin hagu ya ƙi fita sai da aka ɗaura ƙusoshi biyu a ramukan nan masu zare da ke fuskarsa, aka riƙa juya su a hankali har ya saki. Ciki duk ya jiƙe, baƙin mai ya kama shu ɗin da ke danne diram idan an taka birki, warin man giya kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Oyil sil ɗin aksil, robar da ke hana mai tsiyayowa, ya mutu. Na ce to, ga ɓarawon an kama.

Sai aka buɗe na dama. Busasshe ƙayau, shu ɗin kuwa kamar jiya aka sa shi, alhali ya haura shekara.

Kawu ya shafa shi da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ɗana, wannan ai bai yi aikin komai ba. Wa ya taɓa maka sifirin?"

Na ce kafin kaka na kai wani wuri an ƙara mini ganye bibbiyu kowane gefe, don motar ta daina zama idan na yi lodi.

Ya kwanta a kan kwali, ya ce in biyo shi. Ya nuna mini wani ɗan bawul a manne jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya taso daga gare shi ya kama aksil. Shekara nawa ina da motar nan, ban taɓa ɗaga kai na kalle shi ba. Ya ce wannan shi ne ma'aunin kaya. Idan a-kori-kura ba ta ɗauke da komai bayanta ba nauyi, da an matsa tayoyin baya sai su kafe motar ta juya, saboda haka bawul ɗin yakan rage ƙarfin man birkin da ke zuwa baya. Idan aka yi lodi bodi ya sauka, ƙarfen ya tura bawul, ya saki mai sosai. "Kai kuma ka ɗaga ta, ka ƙara mata tauri. Ko ka cika ta da buhuna ba ta sauka yadda ta saba, shi kuma a ganinsa ba komai a kanta. Tayoyin gaba kaɗai ke tsayar da kai da masararka."

Na ce, "Kawu, to ba gara a sa farantin ba?"

Ya ce ko na sa, ta wannan bawul ɗin man zai bi, kuɗina kawai zan zubar. Kuma diram ba abin rainawa ba ne a motar kaya. Idan shu ya taɓa shi, juyawar diram ɗin da kanta ke ƙara janyo shi ya danne, ga birkin hannu mai riƙe mota da lodi a gangare. Aibinsa zafi, ba ya saurin hucewa idan aka daɗe ana takawa. Na kawo maganar da na ji, cewa wasu na canza silindar da ke tura shu a baya su sa mai faɗi. Ya ce gaskiya ne tana ƙara ƙarfi, amma feda za ta ƙara nutsewa, ranar da kuma ka taho wayam cikin ruwan sama baya zai riga gaba kamawa. Shi dai ba zai yi mini ba.

Kasuwar Panteka da rana. Cunkoso, ƙura. Shu kala uku aka zube mini, kwalayen duk iri ɗaya, kuɗin ne ya bambanta. Na kira Kawu ya ce in ɗauki mai tsadar, kuma na gefe biyu, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Na haɗo da sil da man birki DOT 3.

An auna diram, faɗinsa bai kai iyakar milimita 297 da aka buga a jikinsa ba, don haka aka bar shi. Ɗan haƙorin da ke matso da shu idan ya ci shi ma ya ƙame da tsatsa a hagu, Auta ya wanke ya shafa giris kaɗan. Ya so ya hure ƙurar ciki da iska, Kawu ya daka masa tsawa, ya ce da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, wannan ƙurar ba ta shiga huhu ba ce. Aka yi wa ƙarfen bawul ƙari daidai da tsayin da motar ta ƙaru. Wajen cire iska daga man birki ni na zauna a kujera. Taka, taka, riƙe, saki. Sai da aka gama tayoyi aka koma kan bawul ɗin, ashe shi ma yana da tasa mafitar.

Mun gwada a baifas bayan la'asar. Motar ta tsaya a miƙe, gaba da baya tare. Kawu ya ce in dawo da ita da lodi a sake dubawa.

Yaran gareji suna ta murna, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Duk kakar nan ba ni kaɗai nake hawa motar ba. Masu lodi huɗu ne ke zama a saman buhuna duk tafiya, ɗaya ɗan Yaya ne, bai cika ashirin ba. Uwarsa da kanta ta kawo mini shi ta ce ga amana. Ranar Laraba yana can sama, na ji ihunsa lokacin da shanun suka tsallaka, da muka wuce har dariya muka yi.

Ban gaya wa Maman yara ba tukuna. Ta tambaye ni ko kuɗin gyaran ne ya yi yawa, na ce a'a.

Litinin akwai lodi. Na riga na kira Yaya na ce yaron ya zauna gaba kusa da ni, sauran ukun in biya musu kuɗin mota su biyo mu, har sai Kawu ya ga motar da kaya a kanta.