Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarun Ɗana a Makarantun Japan

A makon jiya na tsaya ne a kan sunan ɗana na fari, wanda muka raɗa a masallacin Nagoya cikin 'yan'uwa Musulmi 'yan Pakistan da Indonesiya, yayin da aka yanka ragon sunan a ƙofar gidanmu a Zariya. Yau zan shiga shekarun da ya yi a makaranta, domin a cikinsu ne na gane halin da 'yan ruwa biyu suke ciki a Japan. Masu karatu za su yi mini uzuri da ba zan kama sunansa ba, saboda ɗan fari ne, kuma daɗewa a ƙasar waje bai raba ni da wannan kunya ba.

A wajen hukuma babu wata tantama game da matsayinsa. Dokar zama ɗan ƙasa a Japan jini take bi, ba wurin haihuwa ba, kuma har ƙarshen 1984 jinin uba kaɗai take lissafawa. Daga 1985 ne aka yarda uwa ma ta gadar wa ɗanta ƙasarta. Da ɗana ya zo duniya kafin wannan gyara, da baƙo ne a garin mahaifiyarsa. Da aka haife shi a 2003, sai aka shigar da shi cikin koseki, wato rajistar iyali, a ƙarƙashin mahaifiyarsa da sunan danginta, ni kuwa an ambace ni a matsayin mijinta kuma uban yaro, amma ban zama ɗan rajistar ba, domin baƙo ba ya da koseki. Ƙidayar jama'ar ƙasar ba ta tambayar ƙabila ko launin fata, ƙasar mutum kawai take tambaya, saboda haka a takarda ɗana Bajapane ne kamar kowa. Alƙaluman ma'aikatar lafiya suna nuna cewa kusan jariri ɗaya cikin hamsin da ake haifa a ƙasar yana da uwa ko uba baƙo, sai dai mafi yawansu iyayen daga China ko Koriya ko Filifins suke, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara suna iya sajewa da jama'a idan suka ga dama. Ɗan baƙar fata ba shi da wannan zaɓi. Hafu ake kiransa, wato rabi, tun kafin a tambayi sunansa.

Ya shiga firamare a watan Afrilun 2010, da hula rawaya da jakar baya mai tauri irin wadda kowane yaro yake goyawa, yana tafiya a ƙafa cikin ayarin yaran unguwa. Abu na farko da ya ware shi daga sauran yara shi ne abincin rana. A makarantun gwamnati duk ɗalibai abinci ɗaya suke ci a cikin aji, su ne kuma suke raba wa junansu, kuma naman alade yana shiga cikin yawancin girkin. Maiɗakina, Allah Ya saka mata da alheri, takan karɓi jadawalin abincin wata guda ta manna a jikin firiji, sa'annan ta tashi tun da asuba ta dafa irin abin da za a ci a ranar da naman kaza na halal, ta yanka karas da dankali daidai yadda ake yankawa a makarantar, don kada kwanon ɗanta ya bambanta da na kowa. Haka ta yi har ya gama firamare, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Abin da ba mu iya dafa masa a gida ba shi ne abin da mutane suke zato a kansa. Idan aka zo darasin Turanci, sai ajin gaba ɗaya ya juyo yana kallonsa, alhali yaron nan bai san Turanci fiye da na kusa da shi ba. Japananci ya sha a nono, sai 'yar Hausar da yake tsinta a bakina. Idan ranar wasannin makaranta ta ƙarato, sai a sa sunansa a tseren gudu ba tare da an tambaye shi ba, domin kowa ya yanke cewa ɗan Afirka ba ya rasa gudu. Ɗana kuwa yaro ne mai son lissafi da jiragen ƙasa, wanda ya haddace tashoshin layin dogo tun daga Nagoya har Toyohashi, gudu kuma ba nasa ba ne. A wata shekara ya zo na kusa da ƙarshe, sai wani yaro ya ce masa a gaban jama'a shi gaijin ne na banza, wato baƙon da ba shi da amfani. Da daddare ya same ni a zaune ya ce, “Baba, idan ni baƙo ne, daga ina na zo?” Na ce masa a asibitin da muke wucewa ta gabansa idan za mu kasuwa aka haife shi, kuma a nan garin aka haifi uwarsa da kakansa. Ya yi shiru, amma na ga amsar ba ta kwantar masa da rai ba, domin ba shi ne yake shakkar asalinsa ba, wasu ne.

Dole in faɗi alherin surukina a nan, Allah Ya sa ya huta da wahalar jinyar da yake fama da ita. Masu bin wannan labari sun san yadda ya ƙi aurenmu da farko. Sai bayan an haifi yaron ya bayyana mini dalilinsa. Ya tashi ne a shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da sojojin Amurka suke riƙe da ƙasar, kuma ya ga yadda aka yi wa 'ya'yan da sojojin suka haifa da matan Japan: ana jifansu, ana zagin iyayensu mata, wasu ma yar da su aka yi. Shi ya fara ba ni labarin Sawada Miki, jikar mutumin da ya kafa kamfanin Mitsubishi, wadda ta buɗe gidan marayu na Elizabeth Saunders a Oiso a 1948 domin irin waɗannan yara, har kusan dubu biyu suka tashi a hannunta. Ya ce da ni ba ni yake ƙi ba, yaron da bai zo duniya ba yake tausayi. Bayan maganar tseren nan, tsohon ya ɗauki wata ɗabi'a: kowace safiya sai ya fito ya tsaya a mahaɗar hanya da tutar tsallakar da yara, idan ayarin ya iso sai ya ɗaga murya ya gaishe da jikansa da sunan danginsu, yadda duk unguwa za ta ji. Bai taɓa yi wa kowa faɗa ba, amma tsokanar ta ragu sosai.

Da ya kai babbar sakandare a 2019, sai maganar ta koma kan gashi. Makarantu da yawa a Japan suna da dokar cewa gashin ɗalibi ya zama baƙi miƙaƙƙe, an hana rini, an hana murɗe shi da magani, kuma duk wanda gashinsa ya saɓa wa haka sai ya kawo takardar shaida da sa hannun iyaye cewa haka aka halicce shi, wani lokaci har da hoton ƙuruciya. Na zauna da mahaifiyarsa muna bincika akwatin hotuna, muna neman wanda gashin ya fito sosai a ciki, don mu tabbatar wa makaranta abin da duk mai ido yake gani. Na sa hannu, amma ban taɓa sa hannu a takardar da ta yi mini nauyi kamarta ba. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2017 wata ɗaliba a Osaka ta kai ƙara kotu saboda an tilasta mata rina gashinta baƙi, kuma a 2021 kotu ta ba ta diyyar yen 330,000, amma ba ta soke dokar rinin ba. A 2022 hukumar ilimi ta Tokyo ta janye irin wannan tilas daga makarantunta. Duk da haka a 2023 aka ware wani ɗalibi ɗan ruwa biyu daga cikin abokansa a ranar bikin kammala karatu a Himeji, saboda ya zo da kitso irin na dangin mahaifinsa. Ɗana bai jira a sake kiransa ofishin malamai ba. Ya roƙe ni in sayi injin aski, ya riƙa aske kansa tas duk mako har ya gama makarantar. Labarin ƙanwarsa da kitso da kallabi ya fi wannan tsawo, kuma zan ba shi kashi nasa.

Abin da ya fi taɓa shi ya faru ne wani dare yana dawowa a keke daga darasin yamma, sanye da kayan makaranta. Wasu 'yan sanda biyu suka tsayar da shi, suka nemi katin zama na baƙi, wanda doka ta wajabta wa irina mu riƙa yawo da shi. Ya ce musu ba shi da shi, domin shi ɗan ƙasa ne, kuma babu dokar da ta ce ɗan ƙasa ya riƙa ɗaukar shaida a aljihu. Suka duba lambar rajistar keken, suka buɗe jakarsa a bakin titi mutane suna wucewa, sai da ya nuna katin makaranta kuma aka kira mahaifiyarsa a waya kafin aka sallame shi. Cikin ladabi suka yi komai, har ɗayansu ya yaba masa da cewa Japanancinsa ya nuna. Wannan yabo ne ya fi ci masa rai. Ya shigo gida bai taɓa abinci ba, ya ce da uwarsa, “Mama, wane harshe suke so in iya?” Daga baya ne duniya ta fara magana a kan wannan ɗabi'a. A Disambar 2021 ofishin jakadancin Amurka a Tokyo ya gargaɗi mutanensa game da tsayar da baƙi saboda kamanninsu. A 2022 ƙungiyar lauyoyin Tokyo ta tambayi mutane kusan dubu biyu masu asali daga waje, fiye da kashi 60 cikin 100 suka ce an tsayar da su a cikin shekaru biyar da suka gabata. A Janairun 2024 mutum uku, ciki har da wanda yake da takardar zama ɗan ƙasa, suka shigar da ƙara a kotun Tokyo. Japan ta yi dokar yaƙi da kalaman ƙiyayya a 2016, sai dai dokar ba ta tanadi hukunci ba.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma fuskoki irin ta ɗana suka cika talabijin. A 2019 Abdul Hakim Sani Brown, wanda mahaifinsa ɗan Ghana ne, ya yi gudun mita 100 a daƙiƙa 9.97 ya kafa tarihin ƙasar, kuma a shekarar aka ɗauki Rui Hachimura, ɗan wani mutumin Benin, a gasar ƙwallon kwando ta Amurka. A 2021 Hachimura ya riƙe tutar Japan a buɗe wasannin Olamfik na Tokyo, 'yar wasan tennis Naomi Osaka, wadda ita ma 'yar ruwa biyu ce, kuma ta kunna wutar gasar. Abokan aikina a masana'anta suka riƙa yi mini barka, ni ma na yi murna ƙwarai, domin abin da surukina bai taɓa zaton gani ba ke nan. Amma na lura da wani abu da har yau yake damuna, wato karɓar da ake yi wa waɗannan yara tana rataye ne da nasara. Da Naomi Osaka ta faɗi a zagaye na uku na gasar, sai intanet ta cika da masu tambayar ko ita Bajapaniya ce tun asali. Da mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Japan, Zion Suzuki, wanda shi ma ɗan ruwa biyu ne, ya yi kuskure a gasar cin kofin Asiya a farkon 2024, launin fatarsa aka zaga, ba wasansa ba. Idan haka ake yi wa wanda ya ɗaga tutar ƙasa, ina ga yaron da ba ya gudu, ba ya tsalle, burinsa kawai ya zama injiniyan jirgin ƙasa? Ba ina cewa duk Japanawa haka suke ba. Malaminsa na ƙaramar sakandare ya taɓa dakatar da darasi ɗungurungum saboda kalma ɗaya da aka jefe shi da ita, kuma abokansa na ƙuruciya har yau suna zuwa gidanmu cin tuwo da miyar kuka. Amma alherin mutane ɗaiɗai bai hana a riƙa neman ya kawo hujjar zamansa ɗan garinsu a ƙofar makaranta da bakin titi da wajen neman hayar ɗaki ba.

Bayan ya gama sakandare na kai shi Zariya hutun babbar Sallah, ina fatan ya ga inda ba za a tambaye shi ba. Ba haka abin ya kasance ba. Yaran unguwa suka biyo shi suna kiran ɗan China, 'yan kasuwa suka riƙa ninka masa farashi, idan ya yi gaisuwa kuma a fashe da dariya saboda karin harshensa. Hajiya kakarsa ce ta tsawatar, ta ce a ƙyale mata maigidanta, ta zaunar da shi kusa da ita tana lissafa masa kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda ya san uban ubansa ba ya ɓata. Ya ji daɗin zama da ita fiye da yadda na zata, ya saba da fura, ya je hawan Sallah ya dawo yana ba ni labarin dawakai. A jirgi muna komawa na tambaye shi ko tsokanar yaran ta ɓata masa rai. Ya ce, “A'a Baba, a Zariya ai gaskiya suka faɗa, ni baƙo ne, ban san hanyoyi ba, Hausata ma ba ta nuna ba. A Nagoya ne abin yake yi mini zafi, domin can ne garinmu.”

Muna sauka muka tarar da wata maganar tana jiranmu. Najeriya ta yarda wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe ƙasa biyu, Japan kuwa tana neman ya zaɓi ɗaya, kuma daga Afrilun 2022 ta rage shekarun zaɓin daga 22 zuwa 20. Yadda muka zauna ni da shi da mahaifiyarsa a kan wannan takarda, da abin da Hajiya ta aiko a faɗa masa, shi ne zan kawo a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.