Ganyen Da Ba Ya Jiran Mota

Da zarar an tsinke ganyen shayi, ya fara canzawa ke nan. In aka danna shi a buhu aka bar shi ya daɗe, zafi zai tashi a cikinsa, ya yi ja, ɗanɗanonsa ya lalace tun bai ga inji ba. Mun karanta wannan a aji lokacin da nake karatun sarrafa amfanin gona a Malesiya, amma sai da muka je yawon buɗe ido gonar shayi ta BOH a tsaunukan Cameron, cikin jihar Pahang, sannan na ga yadda aka gina sana'a sukutum a kan wannan magana guda.

Wurin yana can sama, kusan mita 1,500 daga gaɓar teku, da sanyi da hazo da ruwan sama kusan kullum. Sunan tsaunukan ya samo asali ne daga William Cameron, wani Bature mai awon ƙasa da ya isa yankin a 1885. Gonar kuwa J.A. Russell ne ya kafa ta a 1929, shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye, tare da A.B. Milne wanda ya goge a noman shayi a Silon, wato ƙasar Sri Lanka ta yau. Russell ya rasu a 1933, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da kamfanin. Hanyar da ke kaiwa ɓangaren Sungai Palas daga garin Brinchang siririya ce ƙwarai, kowace kwana sai direba ya danna oda kafin ya shiga.

Daga nesa tudun duka kore shar, a shafe, kamar ba itatuwa ba ne. Da ka matsa sai ka ga kututture mai kauri a ƙasa, gansakuka ta lulluɓe shi. Shayi bishiya ce, da za a ƙyale ta sai ta wuce tsayin gida, amma ana datse ta a daidai ƙugu domin ta yi ta fitar da sabon toho inda hannu ke kaiwa. Tohon nan da ganye biyu na ƙarƙashinsa su ne kuɗin. Bayan kamar mako uku ake komawa kan itace guda. Yanzu almakashi da inji suka fi yin aikin, kuma yawancin ma'aikatan baƙi ne daga Bangaladash da Nefal da Indunusiya, inda a da Tamilawa daga kudancin Indiya suka fi yawa. Na ga wani yana gangarowa da buhu a kafaɗa, ƙasa na santsi, yana dafa itace da hannu ɗaya, mu kuma muna can sama muna ɗaukar hoto. Duk mai zuwa wurin nan ya kamata ya tsaya ya kalli wannan gangarowar ko da na ɗan lokaci ne.

Masana'antar tana cikin gonar, kuma a nan na fi daɗewa. Ana baza ganyen a dogayen kwatarniya ana hura masa iska har ya yi yaushi, yadda za ka murɗa shi bai karye ba. Daga nan sai injin murza, wasu ma tun na shekarun 1930 ne kuma suna aiki. Murzawar ce ke fasa ganyen ruwansa ya haɗu da iska, sai a shimfiɗa shi ya juye daga kore zuwa jan tagulla, kamar yadda goro ke yin ja bayan an gutsura shi. Wannan matakin sa'o'i kaɗan ne, kuma a nan ake cin riba ko a tafka asara: a ɗauke da wuri shayi ya yi salam, a makara ƙamshi ya gudu. Iska mai zafi ce ke tsayar da shi a na'urar busarwa, sannan a tankaɗe a rarraba gwargwadon girma. Koren shayi da baƙi duk itace ɗaya ne, shi kore ana dumama shi tun farko don kada ya yi jan.

Wani ɗan Kano da muke tare, wanda ya girme ni, ya dube ni ya ce, "Ƙanina, ka tuna tumatirin Kadawa?" Na tuna mana. Kwanduna a jibge bakin titi cikin rana ana jiran mota, sannan a yi kwanaki a hanya kafin a kai kasuwar Mile 12 a Legas, na ƙasan kwando ya riga ya zama ruwa. Manominmu ya iya noma, babu mai ja. Abin da ke cinye guminsa shi ne tazarar da ke tsakanin tsinka da sarrafawa, kuma wannan yana ƙona mini rai domin abu ne mai magani. Ko a ƙasarmu akwai misali: gonar shayi ta Kakara a tsaunin Mambila, jihar Taraba, ita ma da masana'antarta a jikinta.

Yanzu ina aiki da ƙungiyoyin manoman rani. In sun zo da maganar sayen na'urar busar da tumatir ko tattasai, yawanci suna so a kafa ta a cikin gari, inda akwai wuta da kwalta. Nakan ce a fara lissafa sa'o'in da kwando ke yi daga fadama zuwa wurin, da wanda zai ɗauko shi, da ƙarfe nawa ake tsinka. Sau da yawa lissafin kan mayar da mu ga ƙaramar rumfa mai aiki da hasken rana a bakin gona, ko da ba ta kai ta garin kyan gani ba.