Asabar ɗin da na ƙarar a kan kibod

Yau ban fita shago ba. Tun jiya da daddare na yanke wannan shawarar, bayan uwargida ta ɗago labule wajen sha biyu saura ta ce, "Maigida don Allah wannan ƙwas-ƙwas ɗin ba za a bari sai da safe ba? Yarinyar nan sau biyu ke nan tana farkawa." Ga furojet ɗin ɗalibai har uku a gabana ana jira ranar Litinin, amma ba ni da ta cewa, don ni kaina kibod ɗin ya fara isata. Tun da hunturun nan ya kama wasu maɓallan idan na danna sai in ji kamar ana goga yashi a ƙarƙashin yatsana, wasu kuma suna wani ɗan "tsiiin" bayan an sake su, shi kuwa dogon na ƙasa mai ba da tazara ba a magana, kwaram-kwaram kamar tsohuwar a-daidaita-sahu a kan burji. Shi ya sa na ce yau zan buɗe shi in sa masa mai.

Bayan sallar asuba na ɗan koma, sai wajen takwas na tashi, gari ya yi fari fat da hazo ko bishiyar darbejiyar ƙofar gida da kyar ake hangowa. Na sha koko da ƙosai, na shimfiɗa tsohon farin zani a kan tebur saboda ƙananan kaya idan suka faɗi a gan su, na rufe taga ruf har da cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Aikin mai da ƙura ba sa shiri, wannan ko mai gyaran keke ya sani.

Kibod ɗina irin mai maɓalli 87 ne, wanda ba shi da ɓangaren lambobin nan na gefen dama, kuma Allah ya taimake ni irin wanda ake zare suwic ɗinsa, wato abin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, da ɗan ƙarfe ne ba sai an narka dalma ba. Suwic ɗin Gateron ne jajaye, 'yan Chaina, kwaikwayon Cherry MX na Jamus da ake yi tun shekarun 1980. Jajayen su ne masu sauka sumul ba tare da wani tudu ko ƙas ba, shi ya sa ma suka fi karɓar mai. Da shuɗɗan nan ne masu ƙas-ƙas da ban ma fara ba, don su mai kashe musu ƙarar yake yi, ka ga an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Man kuwa wata biyu ke nan yana cikin durowa ina jin tsoron taɓa shi. 'Yar kwalba ce mililita 5, ba ta kai ta turaren ɗan goma ba, Krytox GPL 105, wani abokina ya haɗo min cikin odarsa, kuma ranar da na tura masa kuɗin na ji a jikina. Fari ne ƙal kamar ruwa, ba wari ko kaɗan, idan ka karkata kwalbar sai ya bi a hankali kamar zuma da ta sha rana. Ba daga ɗanyen man fetur aka tace shi ba, haɗa shi aka yi da sinadarin filorin, shi ya sa ba ya cin roba, ba ya bushewa, ba ya yin danƙo. Ɗan uwansa mai kauri da kowa ke zancensa, 205g0, shi ma wannan man ne aka kaurara da garin PTFE, wato abin nan da ake shafe cikin kaskon suya da shi don kada ƙwai ya kama. Ni dai mai ruwan kawai nake da shi, wannan kuma ya dawo ya same ni da yamma, zan zo kansa.

Da na cire murafen maɓallan sai da na ji kunya ni kaɗai a ɗaki. Jar ƙura ta yi kamar an yi daɓe, ga ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, ga ɓawon gyaɗa, ga gashin gemu, har da ƙwayar shinkafa ɗaya da ta bushe tsakanin G da H, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Murafen na zuba su a roba da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na bar su su jiƙa, farantin kuma na bi shi da tsohon burushin haƙori da abin goge kunne da na tsoma a sifirit.

Sai buɗe suwic. Kowane ɗaya kashi huɗu ne: murfin sama, gidan ƙasa mai ɗauke da 'yan siraran ganyen ƙarfe biyu da ke haɗuwa su ba da saƙo, sai jan ƙaran tsakiya mai kan gicciye, sai sifirin. Ba ni da na'urar buɗewa, da matsefata da ƙaramin sukundireba na yi ta fama, kunnuwa huɗu ne ke riƙe da murfin sai ka ɗaga biyu ka tokare sannan ka juya ka ɗaga biyun, na farko ya ci min kusan minti biyar da ɗan jini a babban yatsa. Wajen na goma hannu ya faɗa. A na ashirin da wani abu sifirin ya yi tsalle, na ji ƙararsa a jikin kwanon sha, shi ke nan ya ɓace, na rarrafa ƙasan gado da tocilan ɗin waya ina laluben kafet, a haka uwargida ta shigo ta same ni ta ce "Ikon Allah, yau kuma me ake nema?" Na ce ƙarfe ne ƙarami kamar tsutsa. Ba ta ce komai ba ta fita, can sai ga ta da maganaɗisun da take tsince allura da shi, sau biyu ta ja a kan kafet ya manne. Na yi godiya, ta ce in dai ƙarar za ta ragu ko me nake so za ta kawo.

Sifirin ɗin su ne mafi sauƙi kuma a nan man ruwa yake nuna kansa. Na zuba dukkansu a 'yar leda mai zif, na ɗiga kamar ɗigo goma sha, na hura mata iska kaɗan na rufe na yi ta girgizawa kamar mai kaɗa nono na minti biyu. Da na buɗe duk sun yi sheƙi amma ba wanda yake ɗiga. Matsalar kawai sun sarƙe da juna kamar taliya, kuma idan ka ja da ƙarfi ka miƙar da shi ka lalata, sai dai ka riƙe biyu ka murza a hankali su rabu da kansu.

Ina cikin wannan ƙanena ya shigo, ya tsaya a kaina ya ga tebur cike da tarkace ya ce, "Yaya wai duk wannan wahalar ta mece ce, ga WD-40 can a but ɗin mota, ka fesa masa sau ɗaya a wuce wajen." Na ce masa zauna. Shi wancan aikinsa daban ne, korar danshi da kwance kusar da ta yi tsatsa, mafi yawansa abin narkarwa ne da ke tashi cikin iska bayan ɗan lokaci ya bar ɗan maiƙo wanda ƙura ke so kamar me, kuma feshi ba ya zaɓen wuri, zai shiga kan ganyen ƙarfen ya shiga ramukan allon wuta. Ya ce to man keken ɗinki fa? Na ce shi mai ne na gaske amma don ƙarfe da ƙarfe aka yi shi, kuma daga fetur ya fito, ba ni da niyyar gwada shi a kan robar da ba a sayar da irinta a bakin titi. Ya yi dariya ya ce ni dai na cika ƙaƙale, ya ɗauki ragowar ƙosaina ya fita.

To ƙaƙalen bai hana ni yin shirme ba. Goman farko na cika musu mai. Burushin zane ne ɗan siriri lamba 00, ni kuma sai nake tsoma shi sosai ina shafe ƙaran ta ko'ina har yana ƙyalli, zuciyata tana cewa ai tunda mai tsada ne a sa a wadace. Da na mayar da su don gwaji sai na ji wani iri, maɓallin yana sauka luguf kamar ka danna tuwon da ya kwana, yana dawowa da nawa, har da wani ɗan "caɓ" a ƙasa saboda man ya taru a ramin da ƙaran ke shiga. Mafi muni harafin K, wanda ni a aikina ba wasa ba ne don a kansa nake fitar da ƙ mai lanƙwasa, sai in danna sau uku ya fito sau biyu. Da na sake buɗe shi na haska sai ga maiƙo a daidai bakin da ganyen biyu suke haɗuwa, shi kuma man nan wuta ba ta bi ta cikinsa.

Goge shi ma wani aiki ne, don abin da ya sa yake da kyau shi ne ya sa yake da taurin kai, sifirit ba ya narkar da shi yadda yake wa sauran mai, sai dai ka yi ta dangwala da busasshen tsumma mara gashi. Ganyen kuwa na yanko siririyar takarda na zura tsakaninsu na ja a hankali sau uku huɗu har takardar ta daina fitowa da tabo. K ya dawo hayyacinsa, alhamdulillahi.

Daga nan na canja salo. In taɓa bakin burushin kawai a man, in share shi a murfin kwalba har sai kamar ba komai a jikinsa, sannan in ja sau ɗaya a kowace hanyar da ƙaran ke bi a gidan ƙasa, sau ɗaya a gefunan ƙaran biyu, shi ke nan in ɗora sifirin in rufe. Idan ka ɗaga shi a haske ka ga ɗan sheƙi kamar goshin wanda ya shafa basilin tun safe to ya isa, idan ka ga ruwa-ruwa ka wuce gona da iri. Na yi azahar na dawo, aka ɗauke wuta wajen biyu na jawo tebur kusa da taga ba tare da na buɗe ta ba, na ci gaba. Ban gama na 87 ba sai da aka kira la'asar, wuyana ya ƙage, idona yana ganin jajayen abubuwa ko na rufe shi. Kwalbar kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ta sauka ba.

Bayan la'asar na leƙa gidan Hajiya kamar yadda na saba duk Asabar, kuma kamar an aiko ni, ina gama gaisuwa ta ce "Kai da ka iya taɓe-taɓe duba min keken nan, ya yi nauyi ƙafata har ciwo take." Tsohuwar keken ɗinki ce Butterfly baƙa da ta girme ni. Na kwantar da kanta na leƙa ƙasa, sai ga wani abu ruwan ƙasa ya daskare a gaɓoɓin kamar ƙaro, ga wari irin na tsohon tuya. Na ce Hajiya wa ya sa wa keken nan man gyaɗa? Ta kau da kai ta ce man keken ne ya ƙare kwanakin baya, yaran nan suka ce ai mai mai ne. Ban ce komai ba don na san "yaran nan" ɗin. Man girki idan ya sha iska ya daɗe sai ya yi danƙo, ya haɗu da ƙura da gashin yadi ya zama gam. Na aika aka sayo kananzir da sabuwar kwalbar man keke, na wanke gaɓoɓin na goge na bari suka sha iska, sannan ɗigo ɗaya ɗaya a kowane rami, da ɗigo ɗaya a mazaunin ƙwarƙwaro. Krytox ɗin yana aljihuna amma ban fito da shi ba, ba ya gauraya da man fetur, kuma asara ce kawai, keken ba ta neman abin da ya wuce nata. Na sa Hajiya ta fara taka ta a kan tsumma tukuna don kada maiƙo ya ɓata kayan mutane, ta taka ta taka sai ta ce "Kai, Allah ya yi maka albarka, kamar ranar da aka kawo ta." Ta cika min leda da dambun nama.

Bayan isha na jera murafen da suka bushe na mayar, na jona. Gaskiya bambancin ba kaɗan ba ne, yashin nan ya tafi, "tsiiin" ɗin ya tafi gaba ɗaya, sautin ya koma ƙasa-ƙasa kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da yatsa. Na buga fatiha da haruffan boko don gwaji, na buga ƙ ɗ ɓ sau ashirin ashirin duk sun fito.

Amma dogon na ƙasa yana nan da halinsa. Shi da Enter da Shift da Backspace akwai wata waya da ke riƙe su don kada su karkace, sunanta sitabilaiza, ba ruwanta da wadda muke jona wa firji. Bakin wayar yana wasa ne a cikin ramin roba, kuma man ruwa ba ya cike wannan giɓin, na ɗiga masa ya yi shiru na minti goma ya gangare, kwaram ɗin ta dawo, sai dai ta ɗan rage. Giris mai kauri wurin yake so, irin farin nan na silikon da masu wayarin mota ke sawa a kan filogi, Litinin in Allah ya kai mu zan tambaya a wajen masu kayan gyaran mota idan na tashi daga shago.

Yanzu sha ɗaya da kwata, da shi nake rubuta wannan, ina taka dogon a hankali da gefen yatsa. Uwargida ta leƙo ɗazu ta tsaya jim tana saurare ta ce "Au aiki kake yi?" sannan ta ajiye min wani tsohon ɗankwalinta ta ce in dinga rufe shi da shi idan na gama, tunda dai na ga abin da ke shiga ciki. Saura shafi arba'in da biyu a furojet na farko.