Kaset ɗin Lennon a hannun Jeff Lynne

Yau aka kawo tsohon kaset a gyara, murya da kiɗa sun cakuɗe, ga shuuu a ƙasa. Sai Jeff Lynne, mawaƙi kuma mai haɗa sauti na ƙungiyar waƙa ta ELO (Electric Light Orchestra), ɗan Birmingham a Ingila, ya faɗo min a rai. A 1994 irinsa aka miƙa masa: waƙar da marigayi John Lennon na ƙungiyar waƙa ta Beatles ya ɗauka a gida a 1977, murya manne da fiyano, bugun yana gudu yana ja da baya. Lokacin babu na'urar raba su. Ya yanka ta layi-layi, ya ɗora kowanne daidai kan ganga, Paul McCartney, abokin waƙar Lennon a Beatles, ya rera a ƙarƙashi don muryar ta yi kauri. Haka waƙar Beatles "Free as a Bird" ta fito a 1995.

Namu kaset ɗin kuwa, ina ganin gobe ma layi-layi za a bi shi.