Asabar a Ikeja: tiren cuku da kayan marmari na baƙi goma sha biyu

Aikin yau tire ɗaya ne, na mata goma sha biyu da suka je yi wa wata Hajiya barka da dawowa daga Umara a gidanta da ke Ikeja. Zaman na bayan La'asar ne, abinci mai nauyi kuma sai bayan Magariba, wannan shi ya yanke yawan kayan. In dai akwai tuwo ko shinkafa a gaba, giram 60 na cuku ya ishi mutum ɗaya, wato kusan giram 700 ke nan gaba ɗaya. 'Ya'yan itace, bayan an fere an cire ƙwallo, kilo ɗaya da rabi. Da a ce tiren shi kaɗai za a ci, da sai an ninka cukun.

Da sassafe na shiga kasuwar 'ya'yan itace ta Ketu. Ƙarshen Fabrairu lokaci ne mai albarka ga mai wannan sana'a: agwaluma ba ta ƙare ba, mangwaro ya fara shigowa, sitiroberin Jos ma ana samu, ga abarbar Kwatano doguwar nan mai farin ciki. Mai mangwaron ya miƙo min wani yana cewa, "Hajiya, ɗauki wannan, ya nuna luguf." Na ce, "Malam, ba na sha ba ne, na yanka ne. Zaɓo min wanda ya yi launi amma bai saki ba." Mangwaron tire sai wanda in ka danna da babban yatsa zai ɗan amsa kaɗan ya tsaya. Wanda ya wuce haka, kana yanka shi zai fara zubar da ruwa, gefen yankan ya lanƙwashe. Wanda ake kira karosin a nan Legas kuwa ba ya hawa tire ko kusa: ga zare, ga ƙamshinsa mai danne duk wani cuku da ke maƙwabtaka da shi. Inabi baƙi rabin kilo, tuffa koriya uku, sitiroberi ƙaramar roba biyu, abarba ɗaya, mangwaro huɗu.

Cuku iri biyar na sa, uku na Turai, biyu namu. Cheddar na Ingila mai launin ruwan lemu giram 200, Gouda na Holan mai ruwan ƙwai-ƙwai giram 200, sai ƙaramin Brie na Faransa giram 125, mai laushi da farar fata. Kafin na ɗauki kowanne sai da na juya bayan ledar na karanta. Abin da ake daskarar da madara da shi a cukun Turai sau da yawa daga tumbin ɗan maraƙi ake ciro shi, ba a kuma san wanda ya yi yankan ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin, amma abin da za a kai gidan mutane gara a ɗauki mai tambarin halal ko wanda aka rubuta vegetarian a jikinsa, wato ba da na dabba aka daskarar da shi ba, hankalin kowa ya kwanta. Akwai ma irin da ake wanke bayansa da giya lokacin da yake kwance yana nuna, shi ya sa karatun bayan leda ba ɓata lokaci ba ne.

Namu kuwa, wara giram 200, ta nonon shanu wadda matan Fulani ke daskarawa da ruwan tumfafiya, ba awarar waken suya ba. Sai cukun Nijar falle huɗu, busasshen nan siriri mai shatar tabarmar da aka shanya shi a kai. Ina son waɗannan biyun a tiren Legas saboda su ne ba sa jin tsoron zafi. Busasshen cuku ba ya zufa, ba ya narkewa. Wara kuma, in an soya ta, takan riƙe siffarta har a tashi. Amma ɗanyarta ba ta da juriya ko kaɗan, yini guda a waje ta fara tsami. Na tafasa ta minti goma a ruwan gishiri, na tsane a gwagwa, na yanka ƙwaya-ƙwaya daidai loma, na goge da tsumma mai tsabta, sannan na soya a mai mai zafi har bayanta ya yi ja. In ba a goge ruwan ba, man zai yi ta tartsatsi, warar kuma ta sha mai ta yi laushi maimakon ta yi ɓawo.

Ba a haɗa tire a gida a ɗauko shi a mota a garin nan. Tsakanin ramuka da birki da cunkoso, kafin a isa inabi ya koma wajen zuma. Komai a robarsa daban, mai sanyi a cikin kula da ƙanƙara, busasshe a jaka, a haɗa a kicin ɗin masu gida. Mun iske an ɗauke wuta tun hantsi, ba a kuma tayar da janareta ba sai da baƙi suka kusa, don haka cukun ya ci gaba da zama a kular bai shiga firijinsu ba.

Tiren na katako ne, tsawon santimita 60, faɗin 40. Na shimfiɗa ganyen ayaba da na wanke na kara a wuta ya yi laushi, don kada man kilishi da ruwan 'ya'yan itace su shiga katakon. Koren ganyen kuma yana fito da launin duk abin da aka ɗora a kai.

Farkon abin da ke hawa ƙananan kwanuka ne guda uku, ba a jere ba, a tsaye kamar duwatsun murhu: ɗaya can sama ta hagu, ɗaya tsakiyar gefen dama, ɗaya ƙasa kusa da tsakiya. Na farko zuma, na biyu abarba, na uku soyayyar yazawa. Su ne ginshiƙin tiren, a jikinsu sauran kaya ke jingina. Abarba dole a kwano take zama, kuma dalilin ya wuce ruwanta. Akwai wani sinadari a cikin ɗanyar abarba da ke narkar da furotin ɗin madara, in ta jima manne da cuku wajen sai ya yi laushi ya yi ɗaci. Gwanda ma haka take. Mutane kan ɗauka cukun ne ya lalace, alhali maƙwabcin da aka ba shi ne bai dace ba.

Daga nan sai cuku, kowanne nesa da ɗan'uwansa, kowanne kuma da irin yankansa, don ido ya bambance su tun daga nesa. Gouda na cire masa kakin baya na yanka shi sirara mai kusurwa uku, na kwantar da su suna hawa kan juna a gefen kwanon zuma. Cheddar ban yanka ba, na sa bakin wuƙa na ɓamɓare shi gutsi-gutsi na tara a kusurwar da ke kallon Gouda ta can ƙetare. Brie na bar shi dunƙule a kusa da tsakiya, na yanke yanki ɗaya na ɗan ja shi waje, saboda baƙo ba ya son ya zama shi ne ya fara ɓata abu, in ya ga an fara sai ya sa hannu. Da sanyinsa ake yanka shi, a tsoma wuƙar a ruwan zafi a goge. Wara ta tafi kusurwa ta uku, cukun Nijar da aka karya daidai tafin yaro ya tsaya a jingine da kwanon yazawa a ta huɗu.

Ƙanwata da ke taya ni ta ɗauki sitiroberin za ta juye shi wuri ɗaya a tsakiya. Na ce, "Dakata, raba shi biyu." Ta ce, "Yaya, ai ya fi kyau a tare, jan ya fito sosai." Gaskiya ne ya fi ɗaukar ido, amma nan ne matsalar. Duk launin da aka tara wuri guda, ido can zai tafi ya tsaya, sauran tiren ya zama kamar babu shi. Ƙa'idar da nake bi: kowane launi mai ƙarfi ya bayyana aƙalla wuri biyu, masu kallon juna ta kusurwa. Jan sitiroberi a sama ta dama, sai kuma a ƙasa ta hagu. Launin ruwan lemu na mangwaro yana amsa wa Cheddar daga ɗaya ɓarin, shi ya sa ba a ajiye su kusa, launinsu ɗaya ne, za su haɗe su zama curi. Farin Brie yana son duhu a gefensa, sai na kewaye rabinsa da baƙin inabi.

Abin da ya fi wuyar daidaitawa shi ne masu duhu, domin su ido ke gani da nauyi. Yau guda uku ne: inabi, kilishi, da dabinon Ajwa da Hajiya ta zo da shi daga Madina, wanda kusan baƙi ne. In biyu daga cikinsu suka haɗu a gefe ɗaya, tiren sai ya yi kamar ya karkata. Na raba su kusurwa uku, saɓanin inda kwanukan suke. Dabinon na tsaga na cire ƙwallon, na cusa ƙwayar yazawa a rabinsu. Kilishin na yanka da almakashi faɗin yatsa biyu, na naɗe kowanne na tsayar, ya ba tiren tudu. Na sa gyaɗa tsakaninsa da cuku, don yajinsa da jan mansa kan bi farin cuku su ɓata shi. Almakashinsa daban, wuƙar cuku daban.

Don in tabbatar, sai na hau kujera na ɗauki hoton tiren daga sama da waya, na mayar da hoton baƙi da fari. In launi ya gushe, nauyi kaɗai ke saura, nan take za ka ga ɓarin da duhu ya yi yawa da wanda ya yi fayau. Hoton ya nuna ƙasa ta dama ta yi haske da yawa, wara da tuffa sun haɗu a wajen, sai na matsar da reshen inabi biyu can.

Akwai kuma abin da zamanmu ya bambanta da na hotunan intanet. Su tirensu a kan teburin da ke jikin bango yake, yana da gaba da baya. Matan nan a kan kafet za su zauna su kewaye shi, don haka tiren ba shi da baya. Na zagaya ɓari huɗun ina dubawa: daga inda mace ta zauna, hannunta na dama zai kai ga cuku ɗaya, ɗan itace ɗaya, da abin gurgura ɗaya, ba tare da hannun mayafinta ya ratsa kan zuma ba? Inda amsar ta zama a'a, na gyara. Tsinken sakace na sa a ƙananan kofuna biyu, ɗaya kowane ƙarshe.

Tuffa ita ce ta ƙarshe a yanka. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa ɗaya, a jiƙa yankan minti biyar, a ɗauraye, a goge, za ta kai awa biyu ba ta yi duhu ba. Ruwan lemun tsami ma yana yi, sai dai yana canza mata ɗanɗano. Sitiroberi a wanke shi da hancinsa a jiki, in an cire kafin wanki ruwa ke shiga ciki ya yi lami. Inabi a yanka shi da almakashi reshe-reshe, ƙwaya biyar ko shida, don mutum ya ɗauki nasa ba tare da ya bar tsiraicin kara a tire ba. In da ƙananan yara a wajen, a tsaga inabin biyu ta tsaye saboda shaƙewa. Kankana da ayaba ba su hau ba: ɗaya ruwa, ɗaya baƙi take yi. Agwaluma na zuba a ɗan kwando a gefe, da faranti na zuba ƙwallo, saboda danƙonta yana manne wa wuƙa da yatsu.

Biskit mara zaƙi da ƙuli-ƙuli sirara su ne suka shiga bayan an ji sallamar baƙin farko. Iskar Legas cike take da laima, biskit in ya yi rabin awa a buɗe ya daina ƙara a baki. Na jera shi a layi mai lanƙwasa daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana bi tsakanin kwanuka, ko'ina da gyaɗa ko yazawa a matsayin katanga tsakaninsa da abu mai ruwa. 'Yan ramukan da suka rage na toshe da aya da ganyen na'a-na'a. Bakin tiren na bar faɗin yatsa biyu babu komai, wurin riƙo ke nan, kuma kaya ba sa gangarowa kan kafet.

Littattafan girkin Turai kan ce a fito da cuku awa guda kafin a ci don ɗanɗanonsa ya buɗe. Wannan lissafin ɗaki mai sanyi ne. A nan minti ashirin ya ishi Cheddar da Gouda, Brie minti goma. Da farko raɓa ce ke kwanta musu saboda sun fito daga sanyi zuwa iska mai laima, wannan a dangwale da tishu ya wuce. In aka daɗe kuma, man cikinsu ne ke tsatsowa, gefen yankan ya yi ƙyalli ya taurare, wannan ba ya gyaruwa. Shi ya sa rabin kayan kawai na ɗora, rabin yana cikin kula, ana ci ana ƙarawa daga kicin. Ƙa'idar lafiya ita ce cuku mai laushi da yankakken ɗan itace kada su wuce awa biyu a waje, in zafin wurin ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Na roƙi a ajiye tiren inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ba ta bugunsa kai tsaye, don tana busar da fuskar cuku. Na kuma raɗa wa Hajiya cewa in akwai mai juna biyu a cikin baƙin, ta bar Brie ta ci sauran, likitoci na hana su irin wannan cuku mai farar fata saboda wata ƙwayar cuta da kan zauna a cikinsa.

Da aka kira Magariba aka dawo da tiren. Wara da kilishi da mangwaro sun ƙare tas, Gouda saura kaɗan, Brie an ci rabi. Ragowar Brie da duk yankakken ɗan itacen da ya zauna a waje an zubar. Cheddar da bai fito daga kula ba na naɗe shi a takardar gashin kek kafin leda, don leda kai tsaye tana sa shi gumi, na bar wa masu gida a firiji. Katakon an wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi ba tare da an jiƙa shi ba, aka goge, aka jingine shi a tsaye ya sha iska ta fuska biyu. In aka kwantar da shi da danshi a wannan garin, kwana biyu ya isa ya yi fumfuna.