Kwana Tara Ina Yi wa Baƙi Tafinta

Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, kuma na daɗe ina riƙe da wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙauyenmu da ke yankin masarautar Kazaure a jihar Jigawa, inda Hausawa Kirista da Hausawa Musulmi suke noma gona da gona, suke cin kasuwa ɗaya, suke kuma zuwa wa juna gaisuwar mutuwa. Wata shekara bayan an kai dawa rumbu, hunturu ya fara busawa, faston ikilisiyarmu ya kira ni ya shaida mini cewa wata tawagar 'yan sa-kai Kirista daga Amurka za ta zo ta yi kwana tara tana duba marasa lafiya kyauta, kuma dattawa sun ga ni ne ya dace in yi musu tafinta, tunda ina jin Turanci, na kuma san sunayen magunguna. Na karɓa da murna ƙwarai, domin a lokacin kantar magungunana ta kusa zama wayam.

Da suka iso sai na tarar akwai likita ɗaya a cikinsu, da nas-nas, da wani mai auna ido, sauran kuma ɗalibai ne matasa. Kowannensu shi ya nemi kuɗin jirginsa, waɗansu sun sadaukar da hutunsu na shekara, sun kwana a tabarma a cikin ajin makarantar Lahadi, sun ci tuwon dawa da miyar kuka ba tare da yatsina fuska ba. Ina faɗin wannan tun da farko ne domin duk abin da zai biyo baya ba zargin niyyarsu ba ne. Na ga likitan nan ya durƙusa a ƙasa yana wanke gyambon wani tsoho wanda 'ya'yansa ma suke toshe hanci idan sun shiga ɗakinsa, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka.

A ranar farko suna ɗokin buɗe akwatuna da ƙarfe takwas, sai Fasto ya ce ba za a taɓa ko ƙwaya ɗaya ba sai an je an gaida dagaci. Muka cire takalma, muka zauna a soro, aka yi gaisuwa mai tsawo wadda na lura ta ƙosar da matasan. Bayan an sha ruwa, dagaci ya dube ni ya ce, "Malam, tambaye su, allura za su yi wa yara? Za su ɗebi jini? Kuma wanda ya karɓi magani, sai ya shiga coci?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in tambaya." Shugabar tawagar ta yi mamakin tambayoyin, ni kuwa ban yi ba, domin mutanen wannan yanki ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, wanda shari'arsa ta ɗauki shekaru, ba su kuma manta da yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 saboda zargi ba. Baƙon da ya zo da magani kyauta yana shigowa ne cikin wannan tarihi ko da bai taɓa jin labarinsa ba. A nan aka yanke shawarar mayar da aikin daga harabar majami'a zuwa makarantar firamare, aka amince cewa magani na kowa ne, addu'a kuma sai ga wanda ya nema da bakinsa. Da liman ya sanar da haka bayan sallar magariba, washegari layi ya kai har bakin kuka.

Aikin tafinta ya fi yadda na zata wuya. Idan likita ya tambayi mace abin da ke damunta, takan ce jikinta ne babu daɗi, ko ta ce ciwon ciki, alhali abin da take nufi matsalar al'ada ce ko ta bayan haihuwa, wadda ba za ta furta a gaban namiji ɗan garinsu ba. Idan an tambaye ta yawan 'ya'yanta, takan tsallake ɗan fari saboda kunya. Shekarun haihuwa kuwa sai mun lalubo su ta hanyar tambaya ko ta yi wayo lokacin babban farin 1973, ko an yi mata aure kafin a kashe Janar Murtala a 1976. Daga rana ta biyu muka kafa zana a gefe, muka ɗauko unguwarzoma da wata baiwar Allah daga zumuntar mata suka zauna da nas-nas, sai ga mata suna faɗin abin da suka yi shekaru suna ɓoyewa. Maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha sau shida cikin kwana uku, muka riƙa zana rana da wata a jikin ambulan, muna kwatanta lokacin da asuba da isha'i.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin wata dattijuwa da muke kira Iya, mai sayar da daddawa, wadda ta zo a rana ta huɗu tana kukan ciwon kai da jiri. Aka auna jininta ya kai 190 bisa 110, aka bar ta ta huta aka sake aunawa, bai sauka ba. Likita ya ƙirga mata ƙwayoyin kwana talatin daga cikin waɗanda suka zo da su, sa'an nan ya ce in gaya mata ta je ta ga likitanta kafin su ƙare. Na juya na ce, "Iya, ya ce ki je ki ga likitanki kafin maganin ya ƙare." Ta ce, "To, ɗan nan, Allah ya saka." Na fassara maganar daidai, kalma bisa kalma, kuma a daidai lokacin na san cewa maganar ba ta da ma'ana a ƙauyenmu. Iya ba ta da wani likita nata. Zuwa babban asibiti yana buƙatar kuɗin babur da na mota da na kati, wanda ya fi ribar daddawarta ta mako guda. Na kuma duba kwalin maganin na ga sunan da ban taɓa gani a wani kemis na yankinmu ba. Mafi muni, na san cewa a fahimtar mutanenmu magani abu ne da ake sha a warke, ba su saba da cutar da ake shan maganinta har ƙarshen rai ba, hawan jini kuwa irin wannan cuta ce. Duk wannan yana cikin kaina, amma na yi shiru, saboda ina ganin shi likita ne daga Amurka, ni kuwa mai takardar makarantar koyon aikin lafiya, kuma baƙo ne da bai kamata a kunyata shi ba. Ban ko rubuta sunanta ba, na ce wa na gaba ya matso.

Kwana biyu bayan haka aka kawo wani yaro mai tamowa, aka zagaya masa igiyar awo a dantse ta faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5. Wata ɗaliba daga cikin baƙin, hawaye na zuba a idonta, ta ɗaga waya ta fara ɗaukar hoto, sai na ga uwar yaron ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta sunkuyar da kai. Wannan karon ban iya haƙuri ba. Na ja ɗalibar gefe na gaya mata cewa wannan matar tana da miji da dangi da mutunci, kuma ramar ɗanta abin kunya ne a wurinta, ba ta zo don a nuna ta a Facebook ba. Na zaci za ta ji haushi, amma sai ta goge hotunan a gabana, ta roƙe ni in nema mata gafarar matar, da yamma kuma shugabarsu ta kafa doka cewa ba mai sake ɗaukar hoton mara lafiya sai da izininsa. Yaron kuwa muka tura shi cibiyar da ake ba da abincin nan na gyaɗa da madara, inda ake bibiyar yara mako-mako. Da na kwanta a daren sai abin Iya ya dawo mini, domin na gane cewa mutanen nan masu sauraro ne, ni ne ban yi magana ba. Duk da haka ban tashi na neme ta ba, na ce a raina ai akwai sauran kwanaki kafin maganin ya ƙare.

Akwai ayyukan da suka yi waɗanda suka kammala a rana ɗaya, kuma ban ga aibinsu ba ko kaɗan. Wani tela da ya haura shekara hamsin, wanda ya koma dogara da jikansa wajen zura zare a allura, an gwada masa gilashin karatu, ya karɓi allura ya zura zaren da kansa a gabanmu, ya yi ta dariya yana nuna wa mutane. An cire haƙoran da suka ruɓe, an ba yara maganin tsutsar ciki. Masu yanar ido kuwa ba a iya yi musu komai a ajin firamare ba, sai aka rubuta sunayensu, daga baya ikilisiya ta haɗa baiko aka ɗauki mota aka kai su asibitin ido na ECWA da ke Kano. Wannan asibiti 'yan mishan na SIM ne suka kafa shi a 1943, kamar yadda suka riƙe aikin kutare a Yadakunya tun shekarun 1930, kuma abin da ya sa tsofaffinmu suka dawo suna gani shi ne akwai waɗanda suka zo suka zauna, suka koyi Hausa, suka horar da 'yan ƙasa, har wurin ya ci gaba bayan tafiyarsu. Haka labarin Tony Rinaudo yake, ɗan mishan daga Ostireliya da ya yi shekaru masu yawa a yankin Maraɗi, wanda sai a 1983, bayan dashen itatuwansa sun yi ta mutuwa, ya lura cewa kututturen da manoma ke sarewa suna da rai, idan aka rage tohon aka bar masu ƙarfi sai su zama itatuwa. Manoman can suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Irin wannan ganewa ba a samunta a kwana tara, kuma ba laifin mai kwana tara ba ne, sai dai dole ya jingina da wanda zai kwana a garin bayan ya tafi. A ƙauyenmu wannan mutumin ni ne.

Baƙi suka tafi, aka raka su da zabi da ƙwai da gyaɗa. Bayan kamar mako shida na haɗu da Iya a kasuwa, ta ciro ambulan ɗin babu komai a ciki daga bakin zanenta, ta ce, "Ɗan nan, na shanye tas, kai ya daina ciwo, na warke." Na ce mata ta zo in sake auna ta, amma na'urata ta awon jini ta lalace tun kafin zuwan baƙin, ita ma ba ta zo ba, ni ma ban bi ta ba. Ana cikin shuka da damina ta faɗi, ɗanta ya buga mini ƙofa da asuba. Mun same ta a ƙasa kusa da murhu, bakinta ya karkace, hannun hagu da ƙafar hagu ba sa motsi. Ta rayu, ta kuma koma takawa da sanda bayan watanni, amma hannun bai dawo ba, sana'ar daddawa kuma ta tsaya ke nan. Ba zan iya rantsuwa cewa da ta ci gaba da shan magani da hakan bai faru ba, amma na san abin da aka koya mini game da hawan jinin da aka bari babu magani, na kuma san abin da na gani a rana ta huɗu na yi shiru.

Na zauna na rubuta wa shugabar tawagar wasiƙa mai tsawo, na ba ta labarin Iya ba tare da na ɓoye nawa laifin ba. Na gaya mata cewa idan za su dawo, kada su cika akwatuna da magungunan da ba a samu a nan, su zo da kuɗin a sayi irin su amlodifin a Kano, masu lambar NAFDAC, waɗanda mara lafiya zai iya samu a kemis da kuɗi kaɗan idan nasa ya ƙare. Na ce kada a fara wa kowa maganin hawan jini ko na ciwon suga sai an rubuta sunansa da unguwarsa a littafin da zai zauna a hannuna. Na ce su rage yawan mutanen da suke gani a rana, su ba da kwana biyu cur don koyar da mu. Na yi fargabar wasiƙar za ta sa su fasa zuwa, mutanen gari kuma su ce ni na kore musu alheri. Amsar da ta zo ta nuna likitan ya yi baƙin ciki matuƙa, kuma sun karanta wasiƙar a gaban dukan masu shirin tafiya ta gaba.

Da suka dawo bayan shekara biyu, akwatunansu ba su kai na farko yawa ba. Sun zo da na'urorin awon jini guda uku masu aiki da batir, suka koya wa mata biyu daga zumuntar mata da wani ɗan liman yadda ake aunawa da yadda ake rubutawa. Ni ma na sauya yadda nake tafinta. Idan likita ya faɗi abin da na san ba zai yiwu a ƙauyenmu ba, nakan ce masa ya dakata, in bayyana masa dalili, mu nemi abin da zai yiwu, sa'an nan in juya ga mara lafiya. Ga mai hawan jini kuwa nakan ce, wannan magani kamar gishirin miya ne a gidanka, kafin ya ƙare ake nemo wani, kuma daina ciwon kai ba shi ne warkewa ba.

Yanzu kowace ranar kasuwa muna shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin shan magani, masu suna a littafin su zo a auna su, wanda bai zo ba sau biyu a jere a tura yaro gidansa. Iya ba ta iya zuwa, don haka ni nake zuwa wurinta bayan an tashi, in zauna a bakin ƙofar ɗakinta in naɗa mata na'urar a hannun dama, in ƙirga ƙwayoyin da suka rage a gwangwaninta. Sunanta ne a layin farko na shafin farko, kuma awon makon jiya ya nuna 138 bisa 86.